Yadda Ake Gyara Ƙamshin Gida Kafin Mai Saye Ya Zo Dubawa a Legas

Sana'ata haɗa turare ce. A Agege nake zaune, kuma a hannun goggona na koya, wadda ta yi zaman aure a Maiduguri ta dawo da sanin turaren wuta da humra. Shi ya sa idan wani cikin mutanenmu zai sayar da gida, ko zai saka sabon ɗan haya, sau da yawa ni ake nema. "Hajiya, a haɗa mana mai ƙarfi, gobe dillali zai kawo mai saye." Amsar da nake bayarwa ba ta canzawa: mai ƙarfi ba na wannan ranar ba ne. A garin nan, abin da hancin mai saye yake nema shi ne ya shigo bai ji warin danshi ba. Turare daga baya yake zuwa, ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya.

Ku duba halin da mutumin yake isowa ƙofarku. Wataƙila ya taso daga Obalende ne, ya haye gadar Third Mainland, ya sha cunkoso a Ojota, hancinsa ya cika da hayaƙin danfo da na tirela, rigarsa ta jiƙe da gumi. Kafin idonsa ya kai ga tayil ko silin, numfashin farko da ya ja a bakin ƙofa ya riga ya gaya masa wani abu game da gidan. Saƙon hanci yana isa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da jin daɗi ko ƙyama ta gajeriyar hanya, shi ya sa mutum kan ce "gidan bai kwanta mini ba" alhali ya kasa nuna aibi ko ɗaya da yatsa.

Ga yadda nake bi da mutane. A ba aikin mako biyu idan da hali.

Mataki na farko: ku aro hanci

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A maganar wari kuwa, mai ɗaki shi ne na ƙarshen sani. Hanci yana sabawa da abin da yake shaƙa kullum, cikin 'yan mintuna sai ya daina kai rahoto. Don haka ku nemo wanda ba ya kwana a gidan, kuma wanda ba ya jin nauyinku: ƙanwar maigida, ko aminiyar uwargida, ko dillalin kansa. Ku rufe tagogi da ƙofofi tun dare, a kashe fanka, kada a kunna turare, kada a fesa komai. Da safe ya shigo ya bi ɗaki ɗaki.

Kada ku yarda da "ba laifi". Ku ce ya kira warin da sunansa, domin harshenmu ya raba su, kuma kowane suna yana nuna inda za a nufa. Zarni, a je banɗaki. Ƙarni, a je kicin da firij. Hamami, a duba labule da kujeru da katifa da takalma. Ƙauri, a duba bangon murhu, amma a kira mai gyaran wuta ya duba soket da wayoyi ma, don wani ƙaurin gargaɗin gobara ne. Ɗoyi, ko dai sokawe ne ko ɓera ya mutu a silin. Idan kuma ya ce "kamar tsohon akwati" ko "kamar kayan da ba su bushe ba", to kun gamu da babban abokin gabar gidajen Legas. Ku rubuta duk abin da ya faɗa, ɗaki da ɗaki, kada ku yi masa musu.

Mataki na biyu: danshi

Nan zan daɗe, don nan ne cinikin yake mutuwa. Wanda ya taso a Kano ko Katsina ya saba da ƙasar da za ka shanya zane ka juya ka kwashe. Legas gaɓar teku ce, laimar da ke cikin iska takan wuce kashi 80 cikin 100, ruwa yana sauka daga Afrilu zuwa Yuli, ya fi ƙarfi a Yuni, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Fumfuna tana son ɗakin da laimarsa ta haura kashi 60, ke nan kusan kowane ɗaki da aka rufe a garin nan gidanta ne. A Lekki da Ajah da sauran wuraren da aka cike fadama aka yi gini, ruwan ƙasa ma yana kusa, yana hawa bango daga tushe.

Ku jawo duk abin da ke jingine da bango: gado, wadirob, kujera mai cin mutum uku, akwatunan lefe da aka jibga a lungu. Ku haska bayansu da tocila. Abin da kuke nema shi ne baƙaƙen ɗigo ko kore-kore, fenti da ya kumbura yana ɓarewa, da wani farin gari kamar kanwa a gindin bango. Ku ɗaga kai ku duba silin ko akwai zane mai ruwan ƙasa, alamar rufi na yoyo. Ku buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke ku taɓa katakon.

Idan fumfuna ce a saman bango ko tayil, ku haɗa kofi ɗaya na bilic irin Hypo da ruwa lita huɗu, ku sa safar hannu da takunkumi, ku buɗe tagogi, ku goge, ku bar shi ya bushe sarai. Ina roƙonku da Allah kada ku haɗa bilic da khal, ko da ruwan wanke masai, ko da wani sinadarin. Haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu, kuma a ƙaramin banɗaki marar taga tana iya kayar da mutum. Kowanne a yi shi daban, a ɗauraye da ruwa a tsakani.

Idan kuwa ruwa ne ke shigowa, goga ba za ta yi ba. A kira mai gyaran rufi ko mai famfo ko birkila, a toshe inda yake fitowa, a kankare fentin da ya lalace, a bar bangon ya sha iska kwanaki kafin a sake fenti. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango ba ya daɗewa yake sake kumbura. Kuma sabon fenti yana da nasa warin, musamman mai mai, don haka a gama shi aƙalla mako ɗaya kafin ranar duba gida. Masu saye a Legas sun waye. Da sun ji warin ɗanyen fenti a bango guda ɗaya tak, sai su je su ɗora tafin hannu a wurin.

Bayan gyara, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin kaya da bango. A buɗe ƙofofin wadirob kullum na 'yan awanni. A zuba busasshen gawayi a tsohuwar safa ko a kwano a ajiye a lungunansa, yana taimakawa wurin shanye wari. Kafur kuma a kwashe shi gaba ɗaya. Mu muna jinsa a matsayin tsafta, amma ga mutane da yawa warin tsohon gida ne, kuma yana kama katako ya yi makonni.

A nan ne nake tsayawa in yi wa masu gida magana a kan amana. Hadisi ne sananne a Sahihu Muslim: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu a cikin tsibin sai ya ji laima a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Manzon Allah ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Laima ce aka ɓoye a can, laima ce muke ɓoyewa a nan. Wanke gida da ƙamsasa shi karrama baƙo ne. Turnuƙe ɗakin da ke yoyo da hayaƙi don kada a gane, wannan ha'inci ne, kuma ba na sayar da turarena don a yi shi. Abin da kuka gyara ku ce kun gyara. Abin da ya fi ƙarfinku, kamar layin da ke ambaliya a watan Yuni, ku faɗa, a rage a kuɗi. Idan mai saye ya ce yana so ya dawo ranar da aka yi ruwa, ku ce masa bismilla.

Mataki na uku: banɗaki da magudana

A ƙarƙashin masai da wurin wanke hannu akwai lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa. Wannan ruwan shi ne murfin da ke hana iskar sokawe dawowa cikin gida. Banɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, kamar na ɗakin baƙi, ruwan nan yakan ƙafe, sai ɗoyi ya taso alhali ko'ina fes. Maganinsa bokiti ɗaya na ruwa a masai, kofi biyu ko uku a kowace magudana, har da ta ƙasa wadda ruwan wanka ke bi. Idan magudanar ƙasan ba ta da irin wannan bututu, a sayo mata murfi.

Zarni kuma yana ɓuya ne a layin da ke tsakanin tayil, da gindin masai ta baya, da maƙalin murfinsa. A bi su da tsohon buroshin haƙori. A canza buta idan ta yi kore a ciki, a cire tsumman taka ƙafa, a cire soson wanka. Idan sokawe ya kusa cika, a kira masu kwashewa mako guda kafin ranar, don warin aikin yakan kwana biyu a tsakar gida. Kada a wanke banɗaki da Izal da safen ranar. Warinsa yana cika gida, mutum ya ji kamar asibiti ya shigo. Inda ruwan burtsatse yake da ƙarnin ƙarfe ko yana fitowa ja, a wanke tanki, a canza matata, kuma a sanar da mai saye, don zai murɗa famfo ko ba ku ce ya murɗa ba.

Mataki na huɗu: kicin

Daddawa, kifi banda, kirafish, manja da aka soya har ya yi hayaƙi, man shanu, tattasai da albasa. Duk abin da ke sa miyarmu daɗi yana maƙalewa a bango tare da maiƙo. A wanke bangon bayan murhu, da saman kabad, da ragar sauro ta taga, da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke. Ragar nan mutane kan manta da ita, alhali duk iskar da za ta shigo ta cikinta take bi. Daddawa da kifi a sa su a roba mai murfi mai kamawa. Buhun albasa da doya a zazzage a tsince ruɓaɓɓu.

Firij kuma, da yadda wuta ke zuwa tana tafiya, ruwan nama yakan narke ya gangara ƙasa. A kwashe komai, a goge da khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a jawo shi a duba farantin da ke tara ruwa a baya. A bar ƙaramin kofi na bekin soda a ciki. Kwana biyu kafin ranar a daina suyar kifi da ƙona ganda. Shara ta fita tun dare, a wanke kwandon a kife shi.

Mataki na biyar: duk abin da yake yadi

Labule a wanke, a tabbatar ya bushe ƙarau kafin a mayar, in ba haka ba gara a bar tagar haka. Kafet ɗin da ya taɓa shan ruwa a naɗe shi a fitar, da wuya ya gyaru. Wanda yake lafiya a barbaɗa masa bekin soda ya kwana, a share da safe. Matasan kujera da katifa da dardumar salla a kai su rana idan an samu rana. A cire ragar esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wanke a busar, domin esi mai datti da an kunna shi warin tsami yake hurowa. Takalman da ke bakin ƙofa a kwashe su duka. Su ne abu na farko da hanci ke cin karo da shi.

Mataki na shida: tsakar gida

Janareta a matsar da shi nesa da tagogi, a wanke man da ya ɗiga da omo da yashi, jarkokin fetur a fitar da su daga baranda. Ko ba don ciniki ba, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Kwatar ƙofar gida a yashe ta kwana biyu kafin ranar, a kwashe abin da aka yaso kada a bar shi a gefe. Idan ana kiwon kaji ko an ɗaure rago, a kai su wurin ɗan'uwa na kwana uku, a wanke wurin. A lura da ranar da motar shara ke zagayowa layin, a sa ranar duba gida ta zama bayanta.

Yanzu ku sake kiran wanda kuka aro hancinsa. Idan ya shigo ya ce "ban ji komai ba", kun ci kashi tara cikin goma na aikin.

Mataki na bakwai: zaɓen ƙamshi

Ƙamshi ɗaya ga gida duka. Na sha shiga gida in tarar da turaren wuta a falo, na fesawa mai ƙamshin fure a ɗaki, wani a maƙale a soket a hanya, humra a labule, kowanne yana kokawa da ɗan'uwansa. An yi wani bincike a wani shagon kayan adon gida a ƙasar Suwizalan, aka buga shi a 2013, inda aka gwada ƙamshin lemo shi kaɗai da kuma haɗin lemo da wasu ganyaye. Masu sayayya sun fi kashe kuɗi a ranakun ƙamshi guda ɗaya. Shago ne ba gida ba, amma ya dace da abin da nake gani: hanci ba ya son a ba shi aikin warware haɗi yayin da mutum yake lissafin miliyoyi.

Sannan ku tuna wa zai zo. A Legas mai sayenku zai iya zama Bayarabe, ko Ibo, ko wanda ya dawo daga Ingila, ko ma'aikaciyar banki mai ciwon asma, ko mai juna biyu. Turaren da mu muke ji mu tuna ɗakin amarya, shi zai iya sa masa tari ko ciwon kai. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wasu idan suka shigo suka ga kasko yana hayaƙi, zuciyarsu takan raya musu cewa wani abu aka turara don a ja ra'ayinsu. Na ga matar da ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga saboda haka, alhali sandal ne kawai a kan garwashi. Tun daga ranar nake cewa a ɓoye kasko.

Abin da na fi amincewa da shi, wanda ban taɓa ganin ya ɓata wa kowa rai ba, shi ne wannan: ɓawon lemon zaƙi biyu, ɓawon lemon tsami ɗaya, kanumfari ƙwaya biyar, ɗan guntun kirfa, a ruwa lita ɗaya. A tafasa a rage wuta ya yi minti 15, a zagaya da tukunyar falo da hanya, a sauke a ɓoye ta. Duk ana samunsu a Mile 12 ko kowace kasuwar unguwa, da kuɗi kaɗan. A damina kada a wuce minti 15 ɗin, don tururi ma laima ne.

Idan kun san mai sayen namu ne, Alhaji daga Idi-Araba ko Alaba Rago wanda ya saba da turare, to ana iya sa na wuta. A zaɓi sandal ko hawi marar nauyi, a guji wanda aka cika wa farcen turare da miski da sukari mai yawa, don idan sukarin ya ƙone ƙauri yake bari. Abin da yatsu biyu za su ɗauka ya isa falo. Garwashin ya zama ya yi ja ya fara toka, ba mai baƙi ba, ko a yi amfani da kaskon lantarki. Kajiji ko jema a ɗaure a ƙyalle a sa a wadirob. Banɗaki kuwa sabon sabulun wanka da aka ɓare ya wadatar.

Mataki na takwas: ranar

Ku nemi dillali ya kawo mai sayen tsakanin ƙarfe 10 na safe da azahar. Akwai haske, rana ta ɗan busar da gari, maƙwabta ba su tayar da janaretocin yamma ba.

Da asuba a buɗe tagogi na gaba da na baya iska ta ratsa, a kunna fanka, awa guda. Idan tagar wani ɓangare tana kallon kwata ko janaretan maƙwabci, a buɗe ta ɗaya ɓangaren. Karin kumallo ya zama shayi da burodi, ban da ƙwai. A goge ƙasa da ruwa da ɗan sabulu, da tsumma mai tsafta, don tsohon tsumma shi kansa hamami yake shafawa. Saura awa biyu a yi turaren ko a tafasa ɓawon lemon, minti biyar idan na wuta ne, taga a buɗe. Kada a taɓa barin garwashi a rufaffen ɗaki. Saura rabin awa a rufe tagogi a kunna esi idan akwai, ɗaki mai sanyi wari ba ya tashi a cikinsa kamar mai zafi. Maganin sauro, na fesawa ko na kunnawa, a haƙura da shi tun daren jiya. Maigida da uwargida su ma su sassauta turaren jikinsu.

Gwajin ƙarshe: ɗaya daga cikinku ya fita bakin titi ya yi minti 10 ya dawo. Idan ya ji ƙamshin tun daga ƙofar waje, ya yi yawa, a buɗe taga. Abin da ake so shi ne sai ya shigo falo ya ja numfashi sannan ya ji shi sama-sama. Ku tanadi ruwa mai sanyi. Idan baƙon ya zauna, ku bar shi ya huce kafin a fara zagaye, kuma ku buɗe masa wadirob da ƙarƙashin wurin wanke-wanke da kanku.

Idan gidan babu kowa

Da yawa daga cikin mutanenmu sun koma Arewa sun bar mabuɗi a hannun dillali ko maigadi. Rufaffen gida a Legas wata ɗaya ya ishe shi ya yi warin kango. A ɗora wa mutum ɗaya aikin, a biya shi: sau biyu a mako ya buɗe tagogi na awa biyu, ya zuba ruwa a kowane masai da kowace magudana, ya bar ƙofofin ɗakuna da na kabad a buɗe, ya leƙa silin bayan kowane ruwan sama. Firij a cire shi daga wuta a bar ƙofarsa a sake. Gawayin da ke lungu a kai shi rana duk mako biyu a dawo da shi. Ku ce ya riƙa turo muku hoton gindin bango ta WhatsApp, musamman na ɗakin da ba ya samun rana, kuma dillali ya sanar da shi kwana ɗaya kafin ya kawo mutum, don ya isa gidan awa biyu kafin su.